Baƙin Ƙyalle a Hannun Ngo Ladi

Ruwan bana ya zo da irin halin nan da na sani. Tun shigowar Agusta ba mu ga ranar da ta wuni ba, sai dai ta leƙo ta koma. Wanki ya kwana ya tashi a kan igiya yana wari, ashana ta ƙi kamawa. Shekaranjiya ina zaune gaban kaskon gawayi ina gasa ƙafafuna sai ga jikata Ummi ta shigo a jiƙe, da fararen kayanta na makarantar koyon jinya, tana ta zuba kamar an kunna rediyo. Wai sun yi atisayen babban haɗari. An kawo musu mutanen roba masu numfashi, wani har wayyo yake kira, malami yana gefe da kwamfuta yana tsayar da zuciyar wanda ya ga dama. Ta ce ita har biyu ta kashe, aka danna wani abu suka farfaɗo. Tana faɗa tana dariya. Na ce Allah ya ƙara basira, ta je ta cire jiƙaƙƙun kayan nan kafin ta zama ta uku. Ban gaya mata cewa kakarta ta taɓa yin aikin robar nan ba, a zamanin da babu roba sai mu.

Shekara ashirin da wani abu ke nan. Muna haya a Daɗin Kowa ta Jos, can baya wajen duwatsu, a gida mai ɗakuna a jere da rijiya ɗaya. Maigidana tela ne, amma garin bai daɗe da fitowa daga wani tashin hankali ba, shagonsa ya ƙone da kekensa a ciki, ya koma bin shagunan mutane yana jiran a tashi ya hau. Ni kuma ina suyar masa ta sayarwa a ƙofar gida. Ɗakin da ke jikin nawa na Ngo Ladi ne. Ngo, haka mutanenta suke kiran babbar mace. Kirista ce, daga wani ƙauye bayan Kuru, gajeriya mai faɗin ƙafa, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa shi ne. Mijinta ramin kuza ne ya rufta masa. Ta ce da ransa aka tono shi, mutane cike a kansa, amma ba wanda ya san abin da zai yi masa har ya cika. Shi ya sa ta ɗaura aniya sai 'yarta tilo, Kaneng, ta zama nas. Awaki, keken mijin, har gonar fadama, duk sun tafi a kan karatun nan. Abin da ya rage mata ɗan filin dankalin turawa ne a gefen dutse.

To daminar shekarar ita ta cinye dankalin. Ruwa ne ba na tsawa da walƙiya ba, wanda zai zuba ya wuce a huta. Marka ce, yaf-yaf-yaf, safe da yamma, ga hazo a kan duwatsu, ga sanyi mai shiga ƙashi. Ganyen dankali ya fara baƙi daga gefe, kafin a ankara gona duk ta kwanta. Muka bi Ngo Ladi mu taya ta tono, ni da wasu mata biyu na gidan. Ka sa fartanya, ka ɗago, ka kama dankali ya fashe a hannunka, wari kamar mushe. Muka wuni a duƙe, ruwa na bin bayanmu yana gangarowa ta haɓa. Abin da muka tsinta mai ɗan rai muka ɗauko a ka, muka zauna a baranda muna yanke ruɓaɓɓen gefe muna ajiye sauran. Ngo ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙa juya kowane dankali sau biyu kafin ta yar.

Sana'ata ma ta tsaya. Wa zai fito cikin ruwa sayen masa, da wane kuɗi? Itace duk a jiƙe, kananzir ya yi tsada, gawayi sai mai hali. Sai muka haɗa murhu ɗaya ni da ita. Da asuba in na idar da salla in hura wuta da ɓawon itacen turare da muka shanya a ƙarƙashin gado, ita ta jawo ruwa. Mu dama kunu tsararo, yara su sha su tafi makaranta da leda a ka. Da rana ba a ɗora komai. Da yamma gwate, ɗan tsakin masara ko acca in an samu, a cika shi da yakuwa da gauta da ganyen kabeji da ake zubarwa a kasuwa, har ka riƙa ganin fuskarka a cikin kwano. Tukunyarta daban ta nama, tawa daban, tun farko mun yi wannan sharaɗi, amma a daminar nan sharaɗin ya zama abin dariya, don ba wanda ya ga nama balle a yi gardama a kansa. In an kwanta kuma a jera bokiti da robobi a inda kwano ke yoyo. Yara su cure a katifa ɗaya, ciki na ƙugi, kowa ya yi kamar bai ji na ɗan'uwansa ba.

Ana cikin wannan Kaneng ta dawo da magana mai nauyi. Makarantarsu ta kuɗi ce, tana kan hanyar Kuru, yanzu ma ta rufe. Bayan abin da ya faru a garin, sai suka shigo da wata jarrabawa ta fili ga 'yan ajin ƙarshe. A kwantar da mutane birjik kamar mota ta kife ko gini ya faɗi, a saki ɗaliba a cikinsu da ƙyallaye kala huɗu a aljihu. Wanda zai iya tafiya da ƙafarsa a ɗaura masa kore. Wanda zai iya jira, ruwan ɗorawa. Wanda in ba a taimake shi nan take ba zai mutu, ja. Wanda ya mutu ko ba makawa sai ya mutu, a ɗaura masa baƙi a hannu a wuce, ba waiwaye. Wadda ta faɗi sau biyu ta kwashe kayanta. Kaneng kuwa ta riga ta faɗi sau ɗaya.

Abin da ya kayar da ita ma in kun ji sai ku ce tarbiyya laifi ce. Wani tsoho mai share makarantar aka kwantar a matsayin wanda ba zai yi rai ba. Ta ɗaura masa baƙi za ta wuce sai ya riƙe ƙafarta ya ce, 'yata, ki ba ni ruwa. To ɗiyar wa za ta ji dattijo ya kira ta 'yata ta tsallake shi? Ta durƙusa, ta tallafi kansa, ta shiga ba shi haƙuri, lokaci ya ƙare. Malamar da ke kula da abin ita ta sa shi ya yi hakan. Wata doguwar mata ce mai furfura a gaban goshi, ɗalibai suna ce mata Sista Usur saboda usur ɗin da ke rataye a wuyanta ko coci za ta. Ana cewa lokacin tashin hankalin an shigo da gawar ƙanenta tana tsakiyar aiki, ta duba shi, ta ja masa mayafi, ta juya ga na kusa da shi. Ban sani ba ko gaskiya ne. In gaskiya ne, Allah ya ji ƙan yaron, amma abin da ya bari a zuciyar yayarsa ba alheri ba ne.

A zagaye na biyu makaranta ta ce tana son mutane da yawa, musamman mata da tsofaffi, kuma duk wanda ya zo za a ba shi mudun masara da shinkafa dafaffiya a wurin. Kaneng ba ta so mu je ba. Ta ce wa uwarta abin kunya ne. Ngo ta ce kunya ba ta taɓa ɗora tukunya ba a ɗakinta. Ni ma na ce da ni za a yi, ko birgima aka ce in yi a taɓo zan yi, masara ce fa.

Aka tara mu ana jibi jarrabawa don a raba mana ciwo. Sista Usur ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana dubawa kamar mai sayen tumaki. Ke ƙafarki ta karye, ki yi ta ihu. Kai ka ruɗe kawai, ka yi ta yawo kana kiran sunan matarka. Ni aka ce ƙarfe ya huda min ciki, in yi ta haki, in an ɗauke ni in suma. Da aka zo rabon gawa sai kowa ya sunkuyar da kai. Wa zai yarda ya kwanta a ce ya mutu, a rufe shi da zani, da ransa da lafiyarsa? Musulminmu da Kiristanmu duk muka ce wannan mugun fata ne. Sai Sista ta ɗaga hannu ta nuna wasu samari, sannan ta nuna Ngo Ladi. Ta san ko uwar wace ce, don sun sha haɗuwa wajen biyan kuɗin makaranta.

Ta kafa mana doka da bakinta. Gawa ba ta tari, ba ta susa, ba ta korar ƙuda. Wai a karon farko gawawwakin sun yi ta dariya suna ɓata mata aiki. Ta ce wannan karon duk gawar da ta motsa, to alama ce mai rai aka ɗaura wa baƙi, ɗalibar da ta ɗaura ta faɗi ke nan. Kuma ba mai tashi daga inda aka ajiye shi sai ta busa dogon usur na tashi. Ta dubi Ngo ta tambaye ta ko ta gane.

Ngo ta ce, "Na gane, Sista. In na motsa, Kaneng ya faɗi."

A gida kuwa abin ya zama wasa, don yunwa ma tana son dariya. Ngo ta shimfiɗa buhu a baranda ta kwanta, ta ce in gwada ta. Na yi mata cakulkuli da tsinken tsintsiya a tafin ƙafa, na ɗiga mata ruwan sanyi a kunne, na ce ga mai bin ta bashin gishiri ya zo. Ko gezau. Na ce kai Ngo, ashe baiwarki a mutuwa take, shekara da shekaru kina ɓata lokaci a noma. Sai da na gaji sannan ta buɗe ido ɗaya ta kwashe da dariya. Daga nan ta kira 'yarta ta ce ta zo ta gwada wucewa. Kaneng ta ƙi. Uwar ta zauna, dariyar ta ɗauke, ta yi mata magana da yarensu mai tsawo. Ban ji ba, amma na ji sunan uban a ciki. Yarinyar ta ɗauko tsumma ta ɗaura mata a hannu, ta tsallaka ta shige ɗaki, muka ji tana sheshsheƙa. Ngo ta ce min ba komai, gobe ma za su sake, har hannun ya saba.

Ranar jarrabawa gari ya waye da wani irin haske mara daɗi, sama fari fat, iska tsit. Aka shafa mana jinin ƙarya na zoɓo da sitaci. Ni har hanjin akuya aka ɗora min a ciki aka rufe da tsumma, ina kwance ina tunanin irin farfesun da ake ɓarnatarwa. Filin ƙwallonsu ne, ciyawa sharkaf, sanyin ƙasa yana ratsa zani kamar ba ka sa komai ba. Wani baƙon likita da aka gayyato ya zauna ƙarƙashin rumfa yana kallo. Aka busa, aka ce bismilla, ihu ya kaure. Wallahi ko da yake wasa ne sai da tsigar jikina ta tashi, don da yawa cikin masu ihun nan ba koya suka yi ba, tunawa suke yi.

Aka sa ni a layi ɗaya da Ngo, tana ɗan gaba da ni, kuma layin Kaneng ne. Ba sa'a ba ce, shiri ne. Na ga yarinyar ta taho da sauri, ta yi wa wani kore, ta yi wa wata ruwan ɗorawa. Da ta iso kan uwarta sai ta yi turus. Sista Usur tana bayanta da agogo a hannu.

"Ranar da abin zai faru da gaske ba bare za a kawo muku ba, naku za a kawo," in ji ta. "Me kike jira?"

Kaneng ta durƙusa, ta jijjiga kafaɗar, ta kara kunne a hanci, ta gyara wuyan ta sake saurarawa, kamar yadda aka koya musu. Sannan ta zaro baƙin ƙyalle ta ɗaura, ta miƙe. Da ta zo kaina fuskarta ta yi fari kamar an shafa toka. Ta danne min ciki, ta ɗaura ja, ta kira masu ɗauka. Ina cikin hakin ƙarya na ce a raina, Alhamdulillahi, yarinya ta haye. Ana ɗaga ni na hango an ja gawawwakin zuwa bayan wani shingen ƙerana, can ƙarshen fili, an rufe su da zannuwa don kada su tare hanya.

Ba a gama da sauran ɗalibai ba sama ta haɗe. Wanda bai zauna Jos ba bai san wannan ba. Iska ta taso daga duwatsu, sai ƙanƙara, ƙwala-ƙwala kamar an juye tirelar tsakuwa a kan kwano. Masu karayar ƙafa suka fi kowa gudu. Rumfar baƙo ta tashi sama. Aka kwashe mu masu ja zuwa babban ɗakin taro, aka ci gaba da naɗe mu da bandeji a can, don Sista ta ce haɗari ba ya jiran a ɗauke ruwa. Su Kaneng da suka riga suka gama aka kulle su a wani aji ana yi musu tambayoyi. Na ɗago kai na tambayi yarinyar da ke kaina ina gawawwakin. Ta ce ta ga samarin sun tsallake katanga sun gudu gida, ai duk sun watse. Sista ta jiyo ni, ta ce wanda ya suma ba ya tambaya. Na koma na kwanta da tunanin Ngo tana wani lungu tana matse zani.

Ƙanƙara ta wuce, ruwa ya biyo baya, ya yi ta zuba har bayan la'asar. Aka kwance mu, aka kawo shinkafa, aka buɗe buhun masara ana aunawa. Nan ne gabana ya faɗi. Na duba layi gaba da baya ban ga Ngo ba. Matar da ke juya ruɓaɓɓen dankali sau biyu ba za ta bar mudun masara ba in dai tana kan ƙafafunta. Na ajiye kwanona na fita cikin ruwan.

Tana nan inda aka ajiye ta, ita kaɗai. Ruwa ya yi hanya ta gefenta, ƙanƙarar da ba ta narke ba ta taru a jikin shinge. Na yaye zanin. Goshinta ya kumbura inda ƙanƙara ta doke ta, leɓenta ya yi shuɗi. Na kira ta, na jijjiga ta, shiru, har na fara salati. Sai na lura da bakinta. Ta cusa gefen ɗankwalinta tsakanin haƙora ta cije, don kada karkarwar haƙoran ta zama motsi. Na ce mata an gama, kowa ya tashi, har an ci abinci. Ta ƙi buɗe ido. Na rantse mata da Allah, na kama ta zan ɗaga, ta sandare jikinta da gangan. Ba ta ji usur ba, kuma ta san ni da gwaji.

Na koma da gudu. Na tarar da Sista tana cin shinkafa tare da baƙo. Ban san abin da na faɗa mata ba, na dai san ban yi mata ranki ya daɗe ba. Ta ɗauki lema ta biyo ni, ba sauri, tana kauce wa taɓo. Ta tsaya a kan Ngo ta dube ta, sannan ta juya ga ɗaliban da suka biyo mu ta ce su gani, ga wadda ta fahimci aiki, da su ma haka suke jin magana da ta huta. Sai ta sa usur a baki ta busa, dogo. Ngo ta buɗe ido, ta tofar da ɗankwalin, ta yunƙura za ta tashi, jiki ya ƙi. Kaneng ce ta ture mutane ta goya ta har bakin titi.

Muka kwantar da ita kusa da murhu, muka haɗa duk bargunan gidan. Washegari zazzaɓi, sai tari, sai haƙarƙari ya riƙe, in za ta ja numfashi sai ta damƙi gefen katifa. Kaneng ta ce limoniya ce. Muka kai ta asibiti muka tarar ana yajin aiki, muka dawo da ita da 'yan ƙwayoyi da allurar da aka harhaɗa kuɗi aka saya. Yarinyar nan ta yi jinyar uwarta yadda littafi ya ce da yadda bai ce ba. Ni kuma in dama kunu in hura wuta, itace na hayaƙi yana ƙara mata tarin. Duk wanda ya shigo gaishe ta tambaya ɗaya take yi masa, ko an faɗi sakamako.

An faɗa, amma ba wanda take jira ba. Makaranta ta ce tun da ruwa ya katse jarrabawar kafin kowa ya gama, kuma baƙon bai ga ƙarshe ba, an soke ta gaba ɗaya, za a sake in sama ta yi sauƙi. Kaneng ta gaya min a bakin rijiya, muryarta ba hawa ba sauka. Ta wanke fuska, ta shiga ɗaki, na bi ta. Ta zauna a bakin katifa ta ce wa uwarta ta ci, har ma ta fi kowa.

Ngo ta yi murmushi ta dube ni. "Asabe, ka ji? Ban motsa ba."

Na ce na ji, ni ce shaida. Ban taɓa jin nauyin ƙarya irin na wannan ba, kuma ko yau aka sake zan sake faɗa.

Ngo ta rasu da hantsi, daidai lokacin da marka ta fara sakin gari. Muka kai ta ƙauyensu bayan Kuru, na zauna a bayan coci da hijabina har aka gama. Sista Usur ba ta zo ba. Ta aiko wata ɗaliba da gaisuwa, da mudun masarar da Ngo ba ta karɓa ba, a ƙulle cikin leda. Na so in watsa wa kaji. Kaneng ta ce in bari, yara na jin yunwa. Muka surfa muka ci, kuma ya shiga.

Ba a daɗe ba aka sa ranar sakewa. Dangin uban suka ce Kaneng ta haƙura da makarantar nan. Ni na hana. Na ce mata uwarta ba ta kwanta a ƙanƙara don ta koma tallar tumatir ba, ta je ta ɗaura tsumman nan sau ɗaya tak, ta karɓi takardarta, daga nan in ta ga dama ta tsine wa makarantar. Ta ce to. Na ce ni ma zan je, ta ga fuskar gida. Na yi zaton za a mayar da ni mai hanjin akuya. Amma wajen rabon ciwo mata suka ƙi gawa ƙememe, har da masu tashi za su tafi, don labarin Ngo ya zagaya. Sista ta zagaya da ido ta tsaya a kaina. Ta tuna ni sarai. Ta ce tun da ni ce mai baki, bari a ga ko zan iya rufe shi. Dokar tana nan yadda take, kuma layin Kaneng za a sa ni.

Na kwanta a filin nan, an shafa min zoɓo a ka. Na rufe ido, na daidaita numfashi ƙasa-ƙasa, ina karanta duk abin da na iya a zuci. Aka busa, ihu ya tashi. Na ji takun Kaneng tana matsowa, na ji tana cewa wani ya tashi ya tafi can, wata ta jira. Muryarta garau. Sai ta iso kaina. Ta jijjiga ni, ta kara kunne a hancina, na ji ɗumin kumatunta. Na ji ta ɗaga hannuna, ƙyallen ya zagaya, ta ƙulle. Na ce a raina, madalla, tashi ki wuce.

Ba ta saki hannun ba. Na ji ta zauna daɓas a ƙasa. Na ji motsin tufafi, sai wani abu mai ɗumi ya rufe min ƙirji, suwaitarta ce, ta soka gefenta ƙarƙashin kafaɗata. Ta riƙe hannuna da hannu biyu tana murzawa. Can gaba masu ja suna ta kira, Sista tana faɗin lokaci yana tafiya. Ni kuwa bakina cike da magana. Ina so in ce tashi don Allah, ina so in zage ta, in mintsine ta, in ture ta da ƙafa. Amma in na yi ko tari, na kayar da ita da kaina. Ko yatsa ban iya matsa mata ba. Na kwanta ina jin yarinyar nan tana zubar da awakin uwarta da fadamarta da ranta a gefena, ni kuma ina yin gawa yadda aka ce. Ban taɓa tsanar mutum irin yadda na tsani matar nan mai usur a wannan lokaci ba, har yau kuma ban huce ba.

Aka busa dogon usur. Na buɗe ido. Sista tana tsaye a kanmu, ɗalibai sun kewaye. Ta ce su duba da kyau, wannan ta zauna gadin gawa ta bar masu rai sun mutu a bayanta, irin wannan ba ta da wuri a asibiti. Ta ce Kaneng ta miƙa kayan makaranta a ofis kafin ta tafi.

Kaneng ko kallonta ba ta yi ba. Ta sa hannu a bayan wuyana tana ɗago ni a hankali.

"Mama Asabe, tashi haka nan," ta ce. "Ƙasa akwai sanyi."

Ranar kuwa rana ake ƙwallawa tun safe, ciyawar ta bushe ƙayau, gumi ne ma ya jiƙa min baya.